Ruwan da Adda Dije Ba Ta Sha Ba

Da bazarar nan Adda Dije ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita nake bi. Da ciwon sikila aka haife ta, ta yi ta fama da shi har ta haura shekara talatin, sannan ya kayar da ita. Duk shekara idan zafin Bauchi ya kai inda ya kai, mutane suka fara ɗaga kai suna neman hadari, sai in shige ɗaki in yi kukana in fito kamar ba komai. Bana na ce a'a, sai na rubuta. Dalili kuwa, tunawar ta zo min haɗe da wata magana da ta kusa raba ni da babban wanmu, Hamma Bello. Maganar auren 'yarsa Safiya ce, wadda ita ma take ɗauke da ciwon Adda: za a gaya wa uwar mijin gaskiya, ko kuwa za a rufe ta yadda muka saba rufewa a gidanmu?

Sai na faɗi irin gidan namu kafin a gane. Mu Fulani ne, kakanmu ne ya sayar da ragowar shanunsa ya zauna a unguwar Wunti, cikin Bauchi. Shanu sun tafi, Fillancin ma ya kusa ƙarewa a bakinmu, amma kunya da dauriya suna nan daram. A gidanmu yaro ba ya kuka don ciwo, in ya yi a ce ya ba da mu. Mace kuma ba ta ci ba ta sha a gaban surukanta, sai dai ta faki ido ta zaga bayan ɗaki. Ni dai ban gaji ko ɗaya ba. Dada, mahaifiyarmu, takan ce musayata aka yi mata a kasuwa, don wannan bakin nawa ba na Fulani ba ne. Adda kuwa ta kwashe duka, har da rabona.

Ɗaki ɗaya muka tashi, don haka babu wanda ya kai ni sanin ciwon nan a jikinta. Idan ya tashi ba ihu za ka ji ba. Sai dai ka ga ta duƙunƙune a kan tabarma, ta cusa gefen zani a baki ta cije, gumi yana tsattsafo mata, farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Na taɓa tambayarta yadda take ji, ta ce kamar an zuba ƙasusuwanta a turmi ana kirɓawa. Sanyi ake kiran abin a lokacin. An yi gashi da tsumma, an sha saƙe-saƙi, wanzami ma ya yi nasa. Sai da ta kusa gama firamare wani likita ya ɗebi jininta ya faɗi sunan ciwon, ya ce gado ne, kuma daga uwa da uba duka biyun yake zuwa. Da aka dawo gida Baba ya tara mu ya ce maganar nan ta tsaya a cikin gida, akwai 'yan mata a gabanmu, kada a kore musu manema. Ban ga laifinsa ba a yau, abin da ya sani ke nan, kuma don ya kare mu ya faɗa.

Abin mamaki, wannan Addar mai kunyar ce ta zama mai surutun sikila a Wunti. Da ta koyi ɗinki ta kama ɗan shago, sai bakinta ya buɗe. Ga keken ɗinki, ga wata shuɗiyar jarka ta ruwa a gefen ƙafarta, tana taka keke tana kurɓa. Amarya za ta zo awo, Adda ta zagaya mata tef a ƙugu, kamar da wasa ta ce, "Ƙanwata, kun dai yi gwajin jini ke da angon?" In an ce mata ai lafiyarsu ƙalau, sai ta ce, "Dada da Baba ma lafiyarsu ƙalau, ga ni nan." Wasu su yi dariya, wasu su kwashe atamfarsu ba su ƙara dawowa ba. Teloli maƙwabtanta suka sa mata Likitar Wunti, ita kuma ta amsa. Daga baya ta ce min ta gano kuskurenta: ranar da yarinya ta zo wurin tela an riga an makara, an kai lefe, an sa rana, zuciya ta gama kamuwa, wa zai iya cewa a fasa? Sai ta koma kan iyaye masu kawo ɗinkin kayan makaranta. Takan ce musu a gwada yaro tun yana ƙarami ya san jininsa kamar yadda ya san sunan ubansa, mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar ciwon a ɓoye, ya san ba zai nemi mai AS ba tun kafin ya san mene ne so.

Ita ce ta gano ciwon Safiya. Yarinyar ba ta fara rarrafe ba hannayenta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi ta tsala kuka ba a san dalili ba. Manya suka ce haƙori ne, wasu suka ce baki ne. Adda ta karɓe ta, ta buɗe idonta ta duba, ta tashi ta yafa gyale. Ranar ce kaɗai a rayuwata na ji ta ɗaga wa Hamma Bello murya. Ta ce, "Hamma, ko ka tashi mu tafi asibiti yanzu, ko in tafi da ita ni kaɗai, in ka so ka yi fushi da ni har abada." Ya tashi. Tun daga ranar Safiya ta samu abin da Adda ba ta samu ba tana ƙarama: magani a kan lokaci, gidan sauro, rigar sanyi da damina, da mutanen da suka san cewa in ta ce wash ba shagwaɓa take yi ba.

To, a nan ne abin yake cin raina har gobe. Adda ta yi aure, ta auri Malam Usmanu, mutumin kirki, malamin makaranta. Ita da kanta ta kai shi aka gwada shi, AA ne, ya san komai, ya ce ya ji ya gani. Iyayensa kuwa suna ruga can gaba da Gubi, Fulani ne na gaske waɗanda ba su bar shanu ba. Manyan gidanmu suka ce tunda mijin ya sani, shi ke nan, me za a tayar wa tsofaffi da hankali? Shi ma Malam nauyin iyayensa ya hana shi. Adda ta ce min za ta faɗa wa Inna, surukarta, in lokaci ya yi. Lokacin bai taɓa yi ba. Matar da ta gaya wa rabin Wunti ciwonta, ta kasa buɗe baki a gaban tsohuwa ɗaya, don suruka ba ta kallon idon uwar miji balle ta ba ta labarin jikinta.

A tsakiyar bazara ƙanen surukinta ya rasu a rugar, suka tafi zaman makoki. Kowa ya san aikin matar ɗa a gidan rasuwa: ita ce daka, ita ce girki, ita ce ɗebo ruwa daga rijiya tana tarar baƙi da shi. Kwanan nan uku Adda tana miƙa wa mutane ruwa. Ita kuwa duk inda ta juya ga Inna, ga yayyen miji, ga goggonninsa, gida ya cika babu lungun fakewa. Malam yana can wajen maza, shi ma ba zai shiga cikin mata ya tambayi matarsa a gaban uwarsa ba. Jarkarta ta bar ta a shago, don wai kunya ce a ga suruka da ruwanta na daban.

Ranar sadakar uku na je gaisuwa. Ina shiga na hango ta a bakin murhu. Leɓɓanta sun tsage, idon nan ya yi ɗorawa, tana tafiya a karkace tana dafa ƙugu. Na ɗebo ruwa a ƙwarya na miƙa mata. Ta kawar da kai, ta ce da ƙaramar murya, "Biba, rufa min asiri, ga Inna can tana kallo."

Na ce, "Wallahi ko duk rugar nan ce take kallo sai kin sha."

Na ja ta bayan bukka ta sha. A nan ta gaya min tun jiya bayanta ya fara, yau kuma ya hau ƙirji. Na tayar da ƙayar baya, na aika aka kira Malam, ban tsaya sallamar kowa ba. Babur biyu muka samu zuwa bakin titi, kuma kafin mu kai Gubi ruwan farko na shekarar ya tsinke a kanmu da iska mai sanyi. A cikin keken haya mai ƙafa uku da muka tara a titi ta kwantar da kanta a kafaɗata, numfashinta yana fita guntu-guntu. A asibiti an yi iya yi, an sa ruwa, an sa jini, an sa mata iskar numfashi. Washegari bayan la'asar ta cika. Na yarda kwana ne ya ƙare, ni Musulma ce. Amma na ga hanyar da ya biyo da idona, kuma ba zan ce ban gani ba.

Abin da ya fi ƙona min rai a zaman makokinta shi ne yabon da aka yi ta yi mata. Mata su zauna su ce, "Kai, Dije ta yi dauriya, ko uffan ba ta ce ba, Bafulatana ta gaske." Ji nake kamar in tashi in kore su. Wace irin dauriya? Sai ga Inna ta zo daga ruga, tsohuwa tukuf, wani ya riga ya gaya mata komai a hanya. Wannan matar da ko a kan ɗan cikinta ba za ta yi hawaye a gaban mutane ba, ta zauna a tsakar gidanmu tana kuka tana cewa da Hausarta mai karyewa, "Don me ba a gaya min ba? Da na sani, ni da hannuna zan ɗura mata ruwan." Dada ta sunkuyar da kai, Hamma Bello ya fice zaure.

Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce da ta leƙo Bauchin yau. Na san za ta yi murna da wasu abubuwa. Yanzu limamai da yawa ba sa ɗaura aure sai sun ga takardar gwaji. Ana maganar sikila a rediyo da tsakar rana, samari da 'yan mata masu ciwon suna fitowa a waya da fuskarsu suna ba da labarin kansu, abin da a zamaninmu ko a mafarki. Da ta gani da ta tafa hannu ta ce, "Ka ga yaran kirki!" Amma na san ba za ta daɗe tana murnar ba. Za ta ga har yanzu sai ana saura 'yan kwanaki biki ake rugawa gwaji, kuma in sakamako ya fito ba daɗi a nemi wanda zai gyara takarda. Za ta ji ana zagin yaro da sikila a filin ƙwallo. Za ta ga yarinya mai hankali da ilimi, manemi na jin sunan ciwonta ya ɗauke ƙafa ko sallama babu. Mun koyi sunan ciwon, mun koyi haruffansa, amma zama da mai shi ne har yanzu ba mu iya ba.

Shagonta yanzu wani yaro ne a ciki yana gyaran waya. Keken ɗinkin an sayar, Allah bai ba ta haihuwa ba, Malam ya sake aure kuma ban riƙe shi a raina ba. Idan na wuce ta layin telolin Wunti, saura ɗaya ko biyu ne suke tuna Likita. Akwai wata mata dai da ta taɓa tare ni a gidan biki ta ce, "Ke ce ƙanwar Dije? Saboda ita na fasa wani aure, na yi shekara ina tsine mata, yau 'ya'yana huɗu lafiya lau." Ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba.

Sai maganar Safiya. Ta girma, ta gama karatu, kuma sau biyu manema suna gudu da suka ji. Na uku, Mahmud, ɗan wani gidan malamai a unguwar Gwallaga, bai gudu ba. An gwada shi AA ne, ya san komai. Aka fara maganar sa rana, sai na ji Hamma yana cewa tunda yaron ya sani, ba sai an kai maganar wurin mahaifiyarsa ba. Kalmomin nan na taɓa jin su. Safiya ce da kanta ta same ni a gida. Ta ce, "Goggo, ki je ki gaya mata. Na san kaina, in na shiga gidan nan bakina ba zai buɗu ba, Mahmud ma nauyinta yake ji. In za su fasa, gara su fasa ina gidan Babana."

Da Hamma ya ji, ya zo har gida bai ko zauna ba. Ya ce, "Biba, kin san bakinki. Yarinyar nan sau biyu ana karya mata zuciya. In kika je aka fasa, ke za ki share mata hawaye?"

Na ce, "Hamma, lokacin Adda ma mijin ya sani."

Ya juya ya fita. Makonni ya yi ina gaishe shi yana amsawa ciki-ciki. Ban ji haushinsa ba, uba ne, tsoro yake ji. Ni ma tsoron nake ji, don in aka fasa, ni ce zan riƙa haɗa ido da Safiya.

Da hantsi na hau keke zuwa Gwallaga. Na tarar da Hajiya, mahaifiyar Mahmud, a tsakar gida tana tsinkar zogale. Muka gaisa, aka tambayi gida da yara, sannan na gyara zama. Na ce, "Hajiya, amana za mu kawo miki, kuma ba na so mu kawo ta a rufe. 'Yarmu tana da sikila. Za ta sha ruwa a gabanki, za ta kwanta ana tsakiyar aiki, in ciwo ya tashi za ta yi ihu gida ya ji, kuma a ranar ba jiƙo take bukata ba, asibiti ne. In kin ga ba za ki iya ba, ki faɗa yanzu, ba za mu ga laifinki ba." Na ba ta labarin Adda tun daga murhu har zuwa la'asar ɗin nan.

Ta ajiye zogalen, har na fara lalubar takalmina da ƙafa. Can ta ce, "Tana jaririya, hannunta da ƙafarta sun kumbura?" Na ce sun kumbura. Ta ce, "Idonta yakan yi ɗorawa, cikinta ya yi tauri, ta yi ta kuka in an taɓa ta?" Na ce haka ne. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kafin Mahmud na haifi biyu, mace da namiji. Haka suka yi. Babu wanda ya kai shekara huɗu. Aka ce wabi nake yi. Ina jin sunan ciwon nan a rediyo, wallahi ban taɓa kawo su a raina ba." Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, "Da an kai su asibiti, da sun rayu?"

Ni ba likita ba ce, ban ma san tabbas ko ciwon ne ya ɗauke su ba. Na ce, "Allah ne masani, Hajiya. Safiya dai an kai ta." Muka zauna mu biyu muna share hawaye, matan da ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar. Da zan tafi ta rako ni har zaure ta ce, "Ku kawo min ita."

An ɗaura aure, an kai amarya. Hamma ya dawo amsa gaisuwata da baki, ko da yake har yau bai ce na kyauta ba, ni ma ban jira ba. In aka tambaye ni me Adda Dije ta bari a duniya, ba ni da shago ko ɗa da zan nuna. Ta bar maganar da ta faɗa wa kowa ta kasa faɗa wa mutum ɗaya, kuma mu da muka rage ba mu da sauran uzurin yin shiru. Duk mai 'ya ko ɗa da ciwon nan, don Allah ya faɗa wa malamin makaranta, ya faɗa wa maƙwabci, ya faɗa wa surukai, ya kuma daina yaba wa yaro don ya cije bai yi kuka ba.

Makon jiya da aka yi ruwan farko, ciwon Safiya ya tashi, Mahmud yana wurin aiki. Ba ta cije zani ba. Daga ɗakinta ta ƙwala wa uwar mijinta kira, Hajiya ta fito ko mayafin kirki ba ta ɗauka ba ta tare keke, kafin azahar an sa mata ruwa. Da na isa asibitin, tun daga baranda na jiyo muryarta tana ihu tana kiran sunan Allah, duk ɗakin suna ji. Na leƙa na ga Hajiya a ƙarshen gado ta rungume ƙafafunta tana cewa, "Yi kukanki, 'yata, yi kukanki." Ban iya shiga ba. Na jingina da bango na yi ta kuka, don shekara talatin na kwana na tashi da Adda ban taɓa jin muryarta haka ba. Allah ya jiƙanki, Adda. Safiya an sallame ta shekaranjiya, tana gida tana samun sauƙi.